Mutumin Wendover a Ƙarƙashin Teku

Wani mutum ne a nan Greensboro ta Amurka, yana aikin lodi a wani sito da ke titin Wendover. Ɗan Damagaram ne, ruwan da ya fi sani shi ne na randa. Amma kullum aka haɗu a shagon nama na Gate City, sai ya ce shi a ruwa ya girma, kada ma kauce masa yake.

Da hutu ya zo, matarsa Hamsatou ta ce, "Maigida, tunda kai kifi ne, mu je Florida. Na biya maka nutso a teku. Zan ɗauke ka a waya in tura wa 'yan gida."

Bakin da ya riga ya cika ba ya komawa. Ya ce, "Ai kin makara ma."

Da suka isa Florida, suka shiga jirgin ruwa. Baturen da ke koyar da nutson ya goya masa wata tukunyar ƙarfe a baya.

Mutuminmu ya ce, "Hamsatou, tambaye shi, girki za mu yi a ƙasan?"

"Iska ce, Maigida, ba gas ba."

Aka sa masa takalmin agwagwa. Aka ɗaura masa ɗamarar dalma. Ya ce, "Za ku jefa mutum a teku, kuma ku ƙara masa nauyi? Wa na yi wa laifi?"

Bature ya miƙa masa tabarau, ya ce ya tofa yawu a ciki don kada ya yi hazo. Sai fuskar mutumin ta washe. "Ashe ku ma kun san tofi!" Ya zauna ya jero addu'o'i. Ya tofe nasa, ya tofe na Bature, ya nufi na wata tsohuwa, aka riƙe shi.

Bature ya yi ta bayanin alamun hannu. Mutumin yana gyaɗa kai, hankalinsa na kan wayar Hamsatou da ke ɗaukarsa, yana gyara tsayuwa.

Tsundum! Suka nutse. Abin mamaki, sai wurin ya burge shi. Ga duwatsun murjani kamar lambu, ga kifaye kamar an yi musu ankon biki. Ya ɗaga wa Bature babban yatsa, wai madalla. Nan take Bature ya cafke shi ya yi sama da shi.

Suka sake nutsewa. Ga kunkuru yana tafiyar ƙasaita. Ya sake ɗaga yatsa. Aka sake fito da shi.

Ya tofar da tiyon iskar da ke bakinsa. "Kai! Ni guga ne?"

Bature ya ce, "Babban yatsa, a fitar da ni ke nan. In lafiya kake, ka haɗa yatsu biyu ka yi zobe."

"To ka faɗa mana tun farko!"

Suka koma. Ba su jima ba, sai ga wani ƙaton shak, kifin nan da ake tsoro, kwance a ƙarƙashin dutse, tsawonsa ya kai na kujerar falo. Irin marasa cizon nan ne, amma mutuminmu bai tsaya tambayar dangi ba. Kansa ya juye. Wace alama ce ma ta a fitar da shi? Ya haɗa yatsu ya yi zobe.

Bature ya ji daɗi, ya ja shi kusa.

Ya yi zobe da hannu biyu.

Bature ya ƙara matsar da shi, har gefen wutsiya, ya ɗauki hoto. Kifin ya buɗe ido ɗaya, ya mayar ya rufe.

Da ƙyar aka fito. Aka jawo shi cikin jirgi kamar jiƙaƙƙen buhun gero, takalmin agwagwa ɗaya ya ɓata.

Hamsatou ta rugo da waya a hannu, tana ɗauka. "Maigida, wallahi ka fitar da ni kunya! Daga nan sama muna ta kallon kumfarka tana tasowa, bul-bul-bul, gwanin sha'awa!"

Ya dube ta da jajayen idanu.

"Kumfa kika gani? Da kin fasa guda ɗaya, da kin ji 'wayyo Inna' a ciki!"