Rasuwar Dattijo a Kilomita na Saba'in da Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani ɗaci da zan bayyana nan gaba in na samu ƙarfin hali, ni tela mai shagon ƙarƙashin bene, a madadin iyalina da maƙwabtan layi, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kekena, wanda aka fi sani da Dattijo. Ya rasu ranar Lahadin da ta wuce, da misalin ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe, ana tsuga ruwa, a kilomita na saba'in da ɗaya na doguwar tafiya mai kilomita ɗari da ashirin da ƙungiyar mahaya keke ta shirya. Ita ce doguwar tafiyarmu ta farko ni da shi. Ya bar duniya yana da shekara ashirin da shida a hannuna, ban da waɗanda ya yi wurin maigidan da ya koya mini ɗinki, wanda ya ba ni shi ranar da ya yaye ni.

Marigayin baƙi ne, dogo, mai nauyi, mai kawaici. Bai taɓa sanin wani abu wai shi giya ba: tafiyarsa ɗaya ce a tudu da gangare, kuma bai taɓa yi wa kowa alkawarin sauri ba. Ya ɗauki keken ɗinki a bayansa sau uku da muka canja shago. Ya ɗauki bandir-bandir na yadi, da buhun gawayi, da katifa, da matata tana da cikin fari. Duk wanda ya zauna a layinmu ya san muryarsa. Sirdinsa yakan ce ƙiii idan na zauna, sarƙarsa takan yi cak-cak-cak a cikin murfinta, ƙararrawarsa kuwa kirin-kirin take yi da irin natsuwar mai sallama a ƙofar surukai.

Cikin waɗanda suka ci moriyarsa akwai ƙanin matata, wanda yanzu ake kira Injiniya. Ina so a rubuta wannan don masu saurin mantuwa. Lokacin da nake neman yayarsa, ni nake goya shi a kariyar Dattijo, mazaunin nan na baya, ina kai shi makaranta, yana riƙe da rigata da hannu biyu, yana roƙona in bar shi ya taɓa ƙararrawa. Wannan mutumin ne bara ya shigo gidana da wani siririn keke ruwan toka, mai giya ashirin da biyu, ya ɗaga shi da yatsu biyu a tsakar gida. Matata ta yi ta juya shi tana mamaki, ta sa masa suna Gashin Tsuntsu. Dattijo yana jingine a bango yana kallo, shekara ashirin da biyar ba wanda ya taɓa sa masa albarka irin wannan a gidan. Ranar ko abincin rana ban iya gamawa ba.

Injiniya ne ya kawo labarin tafiyar, yana gaya wa yayarsa cewa duk wanda ya kai ƙarshe za a rataya masa lambar yabo a wuya. Ni ko kallona bai yi ba, kuma wannan ne ya sa washegari na je na rubuta sunana. Burina ɗaya ne: in kai ƙarshen nan a kan Dattijo, matata tana tsaye tana gani, kuma in da hali in riga ƙaninta. Wata uku muka yi muna atisaye ni da marigayin kafin buɗe shago, bai taɓa yi mini ƙorafi ba.

Ana saura kwana biyar masu shiryawa suka aiko da saƙo cewa hasashe ya nuna za a wuni ana ruwa, kowa ya yi shiri. A nan ina shaida cewa ban yi sakaci da kaina ba. Na ɗinka rigar ruwa da hannuna, na bi kowane ɗinki da gam don kada ɗigo ya samu hanya. Na tanadi safa biyu, da ledoji biyu da zan zura ƙafafuna kafin in sa takalmi. Na naɗe waya a leda, na haɗa faci da famfo da ƙaramar sifana, na aro hular kwano wurin maƙwabcina mai babur. Da a nan na tsaya, da yau ba a rubuta wannan sanarwa ba.

Rashin lafiyar ajali ta fara ne ranar Alhamis, a kan sikelin mai sayar da shinkafa. Na ji Injiniya yana faɗin nauyin Gashin Tsuntsu, kilo takwas, sai shaiɗan ya ce in auna nawa. Dattijo ya tashi kilo ashirin da ɗaya. Na tura shi wurin mai gyaran keke na ce a rage masa ƙiba. Aka cire kariyar da ta goya Injiniya. Aka cire murfin sarƙa, da jak ɗin da yake tsayuwa a kai, da ƙararrawa. Na ce a cire madigadin gaba da na baya masu tare laka, tunda Gashin Tsuntsu ba shi da su, sannan a cire sandunan ƙarfe biyu da ke tallafe masa wuya daga kai zuwa tayar gaba. Mai gyara ya ajiye sifana ya dube ni, ya ce shekara talatin yana wannan aiki bai taɓa ganin wanda ya tuɓe wa keke riga don za a shiga ruwa ba, kuma sandunan nan ba ado ba ne, su ke riƙe da tsohon. Na ce masa shi gyara ya sani, ni kuwa tsere zan je. Da aka sake aunawa, kilo huɗu kacal na rage, na koma gida da su a buhu ina jin kaina kamar wanda ya ci nasara.

Ranar Asabar da la'asar Injiniya ya biyo ta shago, ya ga buhun a bayan ƙofa, ya leƙa ciki. Na zaci dariya zai yi. Sai ya zaro madigadin nan biyu, tsofaffi, masu tabon tsatsa, ya shafa su, ya ce, "Yaya, in ba ka so, ara mini. Gobe fa ruwa za a yi." Na ce ya ɗauka, har ina jin daɗin zai ɓata wa kekensa kyau. A ƙofar shagona ya tsuguna ya ɗaure su a jikin Gashin Tsuntsu da waya da robar tsohuwar taya.

Ranar Lahadi muka tashi mu kusan ɗari biyu, ruwa ya tashi tare da mu. Ina shaida cewa marigayin ya yi iya ƙoƙarinsa. Amma tun daga kilomita na goma tayar baya ta fara zana mini layin laka daga ƙugu zuwa ƙeya, ta gaba kuma tana watso mini ruwan titi a fuska. Rigar ruwan da na ɗinka ta tare na sama tsaf, na ƙasa ne ya yi ta shigowa ta haɓa. Sarƙar da ba ta taɓa kwana a waje ba ta cika da yashi, cak-cak-cak ɗinta ya koma gurnani. A kilomita na arba'in Injiniya ya zo daidai da ni, fuskarsa tas, bayansa tas, madigadina suna yi masa aiki kamar a gidansu aka haife su. Ya rage gudu ya tambaye ni ko lafiya, ya ce mu tafi tare. Na ce ya wuce abinsa, ina tafe. Na kalli bayansa har ya ɓace, kuma ban yi masa fatan alheri ba.

A gangaren kilomita na saba'in da ɗaya laka ta rufe mini tabarau. Na saki hannu ɗaya don in goge, ban ga ramin da ruwa ya ɓoye ba. Tayar gaba ta faɗa ciki, wuyan da na cire wa matallafi ya ce ƙas, sau ɗaya, ba tare da wani dogon ciwo ba. Wannan ce maganarsa ta ƙarshe. Ni na tsira da kurjewar gwiwa da gwiwar hannu, shi kuwa ya rabu biyu. Motar da ke bin baya tana kwasar waɗanda suka gaza ita ta ɗauke mu, ina zaune a bayanta rungume da tayarsa ta gaba. Haka muka isa wurin ƙarewa, daidai lokacin da matata take goge wa ƙaninta lambar da aka rataya masa da bakin mayafinta. Mai gyara ya duba gawar washegari, ya ce ko an yi walda ba zai sake ɗaukar mutum ba, bai kuma ce ai da ma ya faɗa mini ba, wanda hakan ya fi mini ciwo.

Marigayin ya bar ƙararrawa ɗaya, tana cikin aljihun teburin yanka tana jimami. Ya bar kariya, da jak, da murfin sarƙa, da sanduna biyu waɗanda da suna nan da abin bai faru ba. Ya bar famfo, abokin tafiyarsa, da sirdin da ya ɗauki siffata. Ya bar madigadi biyu, tagwaye, waɗanda su kaɗai ne a zuri'armu suka kai kilomita ɗari da ashirin, kuma suka fito a hoton da yanzu yake rataye a falon surukata. Ya bar ni, mai shi, da tabon lakar da har yau bai fita daga wuyan rigata ba.

Iyali suna godiya ga duk waɗanda suka zo ta'aziyya. Ana so a ambaci Injiniya musamman, tunda matata ta ce in ban ambace shi ba ita za ta rubuta tata sanarwar. Ya zo ranar Talata a ƙafa, ya bar Gashin Tsuntsu a gida don kada ya fama mini ciwo. Ya kawo madigadin a wanke, an shafa musu mai, da lambarsa ɗaure a jikin na baya. Ya ce, "Yaya, ta Dattijo ce. Shi ya fara kai ni makaranta, shi ya kai ni ƙarshe." Na so ƙwarai a ce ya zo da fariya, da na san yadda zan yi da shi. Kekensa ya fi nawa, ƙafarsa ta fi tawa, yanzu kuma ga shi har a hali yana neman ya wuce ni, kuma ina faɗa a fili cewa wannan ma ina ƙyashinsa.

Za a yi wa marigayin sutura ranar Juma'a da ƙarfe huɗu na yamma a shagon mai gyaran keke. Ba za a miƙa shi ga masu sayen tsohon ƙarfe ba, kada su wahalar da kansu da zarya. Za a haɗa wuyansa da walda don mutunci kawai, sannan a ɗauko shi a kafaɗa zuwa shagona, a rataye shi a bango sama da teburin guga, inda ruwa ba zai ƙara taɓa shi ba. Ana roƙon masu rakiya su zo a ƙafa, mai siririn keke kuma ya jingine shi a bayan layi. Injiniya zai kama gaba, tunda ya nace, ni in kama baya. Kafin a ɗaga shi, ni da hannuna zan mayar masa da kariyarsa, da murfin sarƙarsa, da sandunansa, da ƙararrawarsa, da madigadinsa biyu har da lambar da ke jikinsu. Duk wanda ya ji nauyi a hanya ya yi haƙuri, kilo ashirin da ɗaya ne cif, kuma ba za a rage ko ɗaya ba.