Ranar da Jadawalina Ya Zama Mafici

Jama'a, yau dai bakina ya yanka wuyana. Wata uku ke nan ina yawo da wani jadawali da na yago daga jarida, wanda ya jera nahiyoyin duniya da yawan mutanen da annobar nan ta kama. A shagon aski nake baje shi kamar wani shehin malami. Ga ƙasashen sanyi, layinsu ya miƙe sama ba birki. Ga mu can ƙasa, layinmu kwance abinsa kamar mage a inuwa. Sai in bugi ƙirji in ce, "Jininmu ne mai ƙarfi!" Har ƙanina da ke ƙetare na kira na yi wa jaje, na ce ya dawo gida ya sha iska.

Mai aski ya taɓa ce mini, "Malam, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta fa..." Na ce ya ji da almakashinsa, ya bar ilimi ga masu shi.

To, da safiyar nan Gwaggo, wadda ta raine ni tun ina tsumman goyo, ta tashi da tari, numfashi yana yi mata gardama. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba. Na sa ta a tasi, sai cibiyar gwajin nan da Masu Girma suka yi ta yi mana albishir da ita a talabijin.

A ƙofa mai gadi ya ɗora wa Gwaggo na'urar auna zafi a goshi: talatin da biyu. Ni ma talatin da biyu. Na ce ya gwada bango. Bango ma talatin da biyu.

"A nan ta tsaya tun ranar da aka kawo ta," in ji shi cikin alfahari. "Kuma wallahi har yau ba mu samu mai zazzaɓi ko ɗaya ba."

A ciki, wata nas da gajiya ta gama da ita ta nuna mini injin gwajin, sabo fil a ledarsa, an ɗaura masa jan ƙyalle.

"Sai Mai Girma ya zo ya yanke ƙyallen," ta ce.

"Yana ina?"

"Ya je duba lafiyarsa."

"A ina?"

Ta karɓi jadawalina, ta ɗora yatsa a kan layin da ya fi kowane tsawo.

Allah ya ja zamanin manyanmu! Wace sadaukarwa ta fi wannan? Sun bar mana ƙasar da babu cuta, sun je sun kai kansu inda take kashe mutane. Ni kuwa, gwanin lissafin nahiyoyi, sai yau na gane wanda ba a gwada ba, ba ya rashin lafiya a takarda.

Muka dawo gida ba gwaji, ba wutar lantarki. Gwaggo tana kwance tana haki, ta ce, "Ɗan nan, ni a wane layi nake cikin takardar taka?"

"Ba kya ciki, Gwaggo. Ba a ƙirga ki ba."

"To madalla, ashe lafiyata ƙalau. Yi mini fifita."

Na ninke jadawalin biyu, na yi ta yi mata fifita da nahiyoyin duniya, ina ƙirga numfashinta. Tun da aka buga takardar nan, yau ta fara taimakon marar lafiya.