Giyar Ciyawa

Ina da wani aboki a Tudun Wadan Zariya, Nafi'u. Mutumin kirki ne, amma in abu ya shiga kansa sai dai a bi shi da addu'a. Bara ya gani a waya yadda ake shuka lambu a cikin ruwa, tun daga nan muka rasa shi a majalisa. Ya sa mai gilashi ya haɗa masa akwati, tsawonsa ya kusa na tabarmar salla. Ya je har Shika ya ɗebo yashi da duwatsu, ya wanke wata busasshiyar saiwa da buroshin haƙori, ya riƙa dasa ciyawa ɗaya-ɗaya da hantsaki. Sannan ya zuba 'yan kifaye masu launi, waɗanda ko kyanwa ba za ta ɓata lokacinta a kansu ba. Ni abin haushi ya ba ni. Mutumin da bai taɓa ɗaukar tsintsiya a tsakar gidansa ba, ga shi yana yi wa ciyawa aski da almakashi.

Da farko ciyawar ta ƙi tashi. Aka gaya masa iskar kabon take so, irin wadda mutum ke fitarwa in ya yi numfashi. Masu hali tukunyar gas suke saye. Nafi'u ya ji kuɗinta ya yi salati, ya koma dabarar talaka: a zuba sukari da yis da ruwan ɗumi a jarka, a toshe, a ja robar ƙarin ruwa ta asibiti daga bakin jarkar zuwa cikin akwatin. In haɗin ya fara tsami sai ya riƙa tura iskar. Nan da nan ciyawa ta yi kore shar.

To mai shagon unguwarsu ba ya barin abu ya wuce shi. Ya lura mutum kullum yana sayen sukari da yis, amma bai taɓa tambayar fulawa ba. Ga wani wari-wari da ke fitowa ta tagar falo. Magana ta yi ta yawo har ta isa Giwa, ta faɗa kunnen surukinsa Malam Tanimu, tsohon manomi da ya taɓa fasa sayar wa wani dawa don ya ji burukutu za a yi da ita. Tsoho ya aiko cewa yana nan tafe, kuma in abin da ya ji gaskiya ne, da 'yarsa Sakina zai koma gida.

Mai hankali da sai ya zubar da jarkar. Nafi'u kuwa cewa ya yi in Baba ya ga lambun yana kumfa zai gane komai, saboda haka ya ninka yis. Da ya ji sallama kuma sai zuciyarsa ta karye, ya tura jarkar bayan kujera. Kujerar da aka ba baƙo ke nan. Ga zafin bazara, ga an ɗauke wuta, ɗan injin da ke ba kifayen iskar numfashi ya tsaya.

Nafi'u ya durƙusa can bakin ƙofa, kai a sunkuye, yadda ake yi a gaban suruki. Kun dai san wannan zaman: ba a haɗa ido, ba a dogon bayani, abin da aka tambaye ka shi za ka amsa. Ba a gama gaisuwa ba jarka ta fara ɓul-ɓul a bayan tsoho. Ya miƙa hannu ya jawo ta, ya sunsuna, ya kawar da kai.

"Me ke cikin wannan?"

"Sukari ne, Baba."

"Da me?"

"Da yis."

"Na ji ya yi tsami."

"Ai sai ya yi tsami yake aiki, Baba."

Tsoho ya gyara zama. "Wa ke sha?"

"Ciyawa ce, Baba."

Malam Tanimu ya juya ya dubi akwatin da kyau. Ya ce, "Wannan ciyawar? Irinta nake biyan mutane su cire mini a fadama. Kai ka kawo ta falo, ka sa mata fitila, kana dafa mata abin sha?"

"Iskar kawai take shaƙa, Baba. Wallahi ko ɗigo babu mai sha a gidan nan."

Sakina tana bayan labule, ta ga aurenta na neman tafiya a kan ciyawa, ta kasa daurewa. Ta ce, "Baba, ni shaida ce. Bawan Allahn nan ya daina zuwa majalisa, ya daina zuwa kallon ƙwallo. Daga masallaci sai gaban kifayen nan. Da su yake hira, har suna ya raɗa musu."

Tsoho ya tashi ya matsa kusa da gilashin. Abin da Nafi'u bai gani ba, don kansa na ƙasa, shi ne iskar ta yi wa kifayen yawa, kumfar haɗin kuma ta bi roba ta gangara cikin ruwan. Wani mai jan wutsiya yana tafiya a karkace yana gwara kai da dutse. Wani ya kwanta rigingine cikin ciyawa. Sauran sun taru a sama sun hangame baki, suna layi suna ture juna.

Malam Tanimu ya daɗe yana kallonsu. Ya ce wa Sakina ba sai ta haɗa kaya ba, ta kawo masa ruwan alwala. Sannan ya gyara hularsa ya dubi surukinsa.

"Na yarda kai ba ka sha, Malam Nafi'u. Amma dai ka sake abokan zama."