Bushon a Aljihuna

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na kusa nutsar da ɗan kawuna a Okpara ba.

Nasiru ne ya zo daga Djougou da kayak, wato ƙaramin jirgin ruwa na roba, a saman mota, irin wanda cikinsa a rufe yake, a kansa ake zama. Bai iya iyo ba, ni kuma na ɗan iya. Da yake ni ne mai karatu a gidanmu na Guéma, ni aka ba duba shi. Na duba komai. Na kwance bushon, wato ɗan murfin ramin baya, na tsiyaye ruwan da ke ciki, sannan na ƙulle shi a leda na sa a aljihu kada ya ɓata cikin yashi. (Ni da ko biro ban taɓa yarwa ba.)

Muna tsakiyar ruwa Nasiru ya miƙe zai ɗauki hoto, muka kife. Na juya jirgin yadda na karanta, na turo shi sama, na hau. Amma jirgin ya yi nauyi, gindinsa na nitsewa, ga kumfa na tasowa daga baya.

"Farfesa, me ya sa ruwa ya kai min ƙugu?"

"Kada ka motsa. Riƙe igiyar."

Jile ɗaya muke da shi, wato rigar hana nitsewa, yana jikinsa, ya yi masa yawa. Bakin gaɓa da nisa. Na zame cikin ruwa na lalubi baya, yatsana ya shige rami.

"Wanda ya sayar maka ya cuce ka," na ce. "Babu bushon."

"Da shi na saya. Kai ka taɓa shi."

Sai na ji abu na tokare min cinya. Na ciro ledar. Ƙullin da na yi da kyau ya ƙi kwancewa, da haƙori na yaga, Nasiru na kallona yana salati. Na murɗa bushon a ramin, sannan na riƙe gindin jirgin ina tura shi da ƙafa har muka taɓa laka.

Da ya gama tari ya ce, "Taubashi, ka adana shi sosai. Mu ne dai ba ka adana ba."

Yanzu kafin in yaba wa kaina da tsari, aljihuna nake fara shafawa.