Yadda Za Ka Riƙe Tsargiyarka Har Ka Gama Sakandare

Ɗalibi, matso kusa. In ka bi matakan nan, na yi maka alkawari babu mai raba ka da fitsarin jini. Ni Musaddiq na Argungu shekara tara na riƙe nawa, ina ninƙaya ina jiran ranar da zan shiga sojan ruwa, don ba ni da wani buri a duniya sai shi.

1. Zaɓi ruwanka

Kada ka yi wanka a famfon makaranta, wannan na ragwaye ne. Ana tashi, ka zarce fadama, inda ruwa ya kwanta ya yi ɗumi, katantanwa ko'ina. In Malama Khadijatu mai koyar da kiwon lafiya ta ce daga jikinsu tsutsar ke fitowa ta huda fata, ka ɗaga hannu cikin ladabi ka ce, "Malama, kin taɓa ganin ta da idonki?" Aji zai yi dariya, ka ci nasara.

2. Nemi fatawa a gida

Ranar da ka fara ganin ja a ƙarshen fitsari, kada ka je asibiti. Je wurin kakarka. Tawa, Inno, ko tankaɗen da take yi ba ta ajiye ba ta ce, "Wanga ba ciwo na ba, girma na. Ubanka ma ya yi shi." Shi ke nan, ka zama namiji. Zafin marar kuwa ka daure.

3. Ranar rabon magani

Ma'aikatan lafiya za su zo makaranta, su tsayar da kai jikin sandar awo, su ba ka ƙwayoyi daidai tsawonka, kyauta. To abin kirki ana ba da shi kyauta ne? Tura su gefen kunci, ka kurɓi ruwa, ka ce "Na gode." Akwai ɗaci, wallahi har hawaye. Ka tofar da su a bayan aji.

4. In ana gwaji, yi aro

Nan gwaninta take. Da na je tantancewar shiga sojan ruwa a Birnin Kebbi, a shekarar ƙarshe da shekaruna suka ba ni dama, na yi gudu na wuce kowa. Sai aka miƙo mini 'yar kwalbar gwajin fitsari. Ni kuwa na zo da shiri: aminina Tamba na jira bayan katanga, shi ya cika mini ita.

Shawara: kafin ka ari fitsarin mutum, ka tambaye shi inda yake wanka. Tun muna aji ɗaya fadama guda muke shiga da Tamba. Matar da ke gwajin ta ɗaga kwalbar ta duba a haske, ta ce, "Ɗana, wannan ko na'ura ba ta buƙata. Sai gida." Na yi kuka a mota har Argungu, ban ji kunyar kowa ba.

Gargaɗi

Ni ba likita ba ne, albasa nake sayarwa. Duk abin da ya same ka, kada ka nemo ni, kada ka ambaci sunana wurin babanka. Kuma kada ka tambaye ni ko na warke. Na warke mana. Ƙwaya huɗu na haɗiye rana ɗaya bayan na ci tuwo, abin ya tafi. Lokacin an yi wata biyu da rufe ɗaukar sojan.