Yadda Na Ga Juyin Mulki a Vienna

Ba zan taɓa mantawa da tafiyata ta farko (kuma ta ƙarshe zuwa yanzu) ƙasar Turai ba. Shekarata shida ina tuƙa motar wani gida a Doha, sai kafil ɗina, wato maigidan da nake wa aiki, ya ce zan raka su Vienna, babban birnin Austria, inda za a duba ƙafar mahaifinsa. Aikina kawai tura keken tsohon, wanda duk gidan muke kira Baba.

Mu bakwai ne a ɗakinmu na unguwar Bin Omran, kuma kafin in tafi sai da na gallabe su da labarin Turai, ni da ban taɓa ganinta ba. Babbanmu Malam Issaka, mutumin Kumasi, ya ce, "Kai dai ka kawo mana tsaraba, khalas, shi ke nan."

Kwana tara muna asibiti da otal. Ana gobe za mu dawo, na ce bari in fita da Baba ya sha iska, in sayo tsarabar. Muka fita da hantsi. Shagon farko a rufe. Na biyu a rufe. Layi guda, har banki, babu ƙofa ɗaya a buɗe, kuma ba Lahadi ba ce. Muna shan kwana sai ga wani makeken fili cike da sojoji, ga tankokin yaƙi a jere, ga jirgi mai saukar ungulu.

Ni ɗan Najeriya ne, da labarin mulkin soja aka rene ni. Shaguna a rufe, tankoki a tsakar gari, ai ba sai an yi mini fassara ba. (Akwai yara a kan tankokin suna shan askirim ana ɗaukar su hoto. Na gan su sarai, amma a lokacin na ɗauka garkuwa aka yi da su.)

Na juya keken Baba na zura da gudu. Tsohon yana nuna baya da sandarsa yana ta Larabci, ni kuwa ina cewa, "Yalla Baba, yalla, ba zan bar ka a nan ba." Ashe cewa yake in tsaya ya kalli tankokin. A hanya na ciro waya na aika saƙon murya zauren 'yan ɗakinmu, ina haki: "Jama'a, sojoji sun karɓi mulki a nan. In ban dawo ba, ku yafe mini. Malam Issaka, ka riƙe fankata."

Na faɗa otal jiƙe da gumi, takalmi ɗaya a ƙafa. Kafil na zaune yana shan gahawa. Na durƙusa na ce, "Yallaɓai, a tattara kaya, gwamnati ta faɗi." Ya dube ni, ya dubi mahaifinsa da rawaninsa ya karkace, sannan ya kira matar da ke karɓar baƙi. Cikin ladabi ta ce yau ranar ƙasa ce, hutu ne, shi ya sa shaguna suke rufe, sojoji kuma duk shekara sukan fito da kayansu mutane su kalla. Ta nuna wata takarda a jikin lif da ta faɗi haka har da Larabci. Kwana tara ina hawa lif ɗin nan.

Na zaci aikina ya ƙare. Kafil kuwa dariya yake dannewa, har kafaɗunsa na rawa. Baba ne ya yanke mini hukunci: in mayar da shi filin, a hankali. Haka na koma na tsaya awa biyu ina ɗaukar sa hoto da waɗanda na guje wa.

Na sauka Doha hannu rabbana, ba tsaraba. Ina buɗe ƙofar ɗaki na tarar da mutum shida a jere, sun ƙame, sun sara mini. Malam Issaka ya ce, "Sannu da dawowa daga fagen daga, Janar." Saƙon kuwa ya riga ni zagaye gari. Har a unguwar Asian Town wani mai gadi da ban sani ba ya tambaye ni ko an saki shugaban ƙasar.

Yanzu duk garin da za ni, kafin in tambayi yanayin sanyinsu sai na tambayi ranakun hutunsu. In kuma tsoro ya kama ni, nakan rubuta saƙo ne kawai, domin rubutu ba ya haki.