Ɓarawon Wayifai a Hawa na Huɗu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kira ma'aikaciyar kamfanin intanet har gida don ta kama mini ɓarawo, ta kuwa kama shi.

A lokacin ina zaune ni kaɗai a wani ɗaki a hawa na huɗu a University Heights, cikin Bronx, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Matata tana Kumasi da 'yarmu wadda aka haifa bayan tahowata. Ban taɓa ɗaukar yarinyar a hannu ba. Duk sanin da na yi mata ta fuskar laftof ne: in na dawo aiki bayan la'asar sai in yi kiran bidiyo kafin su kwanta a can.

Sai intanet ɗin ya fara ja da baya. Matata za ta ɗago yarinyar, hoton ya daskare, in zauna ina kallon rabin kunne da gefen zani. Ranar da ta fara takawa ma haka aka yi. Na ji muryar uwarta tana cewa, "Ka gani? Ka gani?" Ni kuwa ban ga komai ba sai ɗan zoben nan da ke ta juyawa a tsakiyar allo. Na ce mata na gani (Allah ya yafe mini).

Daga nan na ɗaura ɗamarar gyara. Dama ina ɗaukar kaina masanin kwamfuta, don ni nake saita wa abokan aiki wayoyinsu. Na kashe akwatin wayifai na kunna. Na ɗora shi a kan firji, na mayar da shi bakin taga. Na goge hotuna da finafinai daga laftof, na sa manhajar kashe bairos ta yi ta bincike wuni guda. Har lambar sirrin akwatin na canza. Wayata ta nemi sabuwar lambar, amma laftof bai nema ba, ya ci gaba da haɗuwa abinsa. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na yaba masa basira. Wayar ma ba ta taɓa jan ƙafa ba, sai dai kyamararta ta fashe, shi ya sa ba na kira da ita. Wannan ma ban tambayi kaina dalili ba.

Abin da na lura da shi guda ne: matsalar tana tsananta daidai lokacin da iyalin maƙwabcina suke dawowa gida. Alhaji Haruna dattijo ne mutumin Nijar, yana da shagon jakunkuna da huluna kusa da Fordham Road. Shi ya fara karɓata a ginin, shi ya ara mini tukunya da bargo a makon farko. Amma da zargi ya shiga raina, duk wannan ya koma gefe. Ina jin sautin fim ta bango, ina cewa a zuciyata da wayifai ɗina ake kallonsa. Gaisuwata ta gajarce. Rannan a matakala na ce masa, "Alhaji, akwai masu hawa wayifan mutane a ginin nan ba izini."

Ya dube ni, ya ce, "Haka ne, ƙanena. Sai haƙuri." Ni kuma na ɗauki wannan a matsayin amsa laifi.

Ranar Asabar da hantsi kamfanin ya turo ma'aikaciyarsu, wata mata mai gilashi da jakar kayan aiki. Don neman suna, sai na ƙwanƙwasa wa Alhaji ƙofa na ce ya zo ya zama shaida (shaidar me, har yau ban sani ba). Ya shigo da jallabiyarsa, ya zauna a kujerata ɗaya tilo. Na yi wa matar bayani da Turancina mafi tsada, na zayyana duk matakan da na ɗauka, na ƙare da cewa wani na kusa ne yake sata, ina faɗa ina satar kallon Alhaji.

Ta gwada akwatin da na'urarta, ta ce lafiyarsa ƙalau. Ta kifa shi, ta karanta sunan da ke rubuce a ƙasansa. Sai ta ja laftof, ta taɓa 'yar alamar wayifai a kusurwa. Ta sake duba ƙasan akwatin.

"Yallaɓai," in ji ta, "kwamfutarka ba a kan naka wayifan take ba. Ba ta taɓa hawansa ba ma."

Ta karanto sunan da laftof ɗin yake kai, wasu haruffa da lambobi masu kama da nawa, ta tambaya ko na san mai shi. Kafin in buɗe baki Alhaji ya ɗaga hannu a hankali, kamar ɗalibi a aji.

Nan take na tuna. A makon da na tare, kafin a ja mini nawa, shi da kansa ya sa mini lambarsa a laftof don in kira gida. Da aka ja mini, wayata kawai na haɗa. Fiye da shekara laftof ɗin yana lallaɓawa ta bango biyu zuwa gidan Alhaji, akwatina kuma yana gefe yana ta ƙyafta fitila ba mai kula shi sai wayata.

Matar ta haɗa ni da nawa cikin minti ɗaya, ta tattara kayanta tana danne dariya, ta fita. Na tsaya a tsakiyar ɗaki, na rasa inda zan sa idona.

"Alhaji, ka yi mini afuwa," na ce.

"Ai na sani tuntuni," in ji shi. "Hajiya ta sha cewa in canza lambar, fim ɗinta yana tsayawa. Na ce mata a bar shi, da ɗiyarsa yake magana. Na zaci naka ne ka yanke don yanayi, ka ji kunyar faɗa."

Wato duk makonnin da nake ɗaure masa fuska, shi yana can yana rufa mini asirin talaucin da ma ba ni da shi. Wannan ya fi kamun da aka yi mini ciwo.

Da yammar ranar na kira Kumasi, hoto ya fito tar. Na ga yarinyar tana takawa daga kujera zuwa ƙofa, na kira Alhaji ya gani, ya yi mata addu'a.

Na yi makonni ina binciken akwati, firji, taga da maƙwabta, abu ɗaya ne kawai ban duba ba, shi ne wanda ke kan cinyata. Yanzu in wani abu ya lalace mini kuma na ji na riga na san mai laifi, nakan fara zama in duba nawa gefen tukuna. In kuma dole sai na yi zargi, to ba na gayyatar shaida.